LEBURORIN DA KE ƘARƘASHIN GONARKA

Wannan jawabi ne da wani malamin gona ya yi wa manoma da ɗaliban ajin manya, maza da mata, gabanin faɗuwar damina. Mun buga shi domin a karanta a aji, wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa maƙwabcinsa.

    

Duk ƙauyen da na shiga, kuka biyu nake ji. Na farko, ƙasa ta gaji. Na biyu, takin zamani ya fi ƙarfin talaka. Duka biyun gaskiya ne. A zamanin kakanninmu, idan gona ta gaji sai a bar ta ta zama saura, ta huta shekaru, a koma wata. Yanzu mutane sun yi yawa, gonaki sun tsuke, gona ɗaya ake nomawa bana da baɗi ba hutu. Taki kuwa kun ga yadda kuɗinsa ya tashi a 2022 bayan yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, ya kuma ƙara tashi bayan cire tallafin man fetur a 2023. Na san a cikinku akwai wanda ya sayar da akuya ya sayi taki, akwai wanda ya ci bashi ya biya da hatsi a kaka, lokacin da hatsi yake arha.

Ban zo da buhun taki ba. Abu biyu na zo da su. Ga tushen wake da na tono da safen nan a wani lambu a fadama. Ga kuma wata 'yar leda mai baƙin gari a ciki. A kan waɗannan biyu zan yi magana.

ƘASA TANA DA RAI

Mun saba ɗaukar ƙasa kamar matacciya, wurin da shuka take kafa ƙafa kawai. Ba haka ba ne. A cikin cokali ɗaya na ƙasa mai kyau akwai ƙananan halittu masu rai waɗanda yawansu zai iya fin yawan mutanen Nijeriya. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita.

Kada wannan ya ba ku mamaki, domin iyayenmu mata sun daɗe suna aiki da irinsu. Mai nono takan zuba ɗan tsohon nono a cikin madara, ta rufe, gari ya waye ta tarar da kindirmo. Mai daddawa takan rufe dafaffiyar kalwa kwana biyu ko uku, ta buɗe ta ga ta nuna. Wa ya yi aikin? Ƙananan halittu ne. Mun saba jin labarin ƙwayoyin cuta a asibiti, shi ya sa muke zaton duk ƙwayar da ba a gani muguwa ce. A'a. Masu amfani sun fi masu cutarwa yawa.

A gona, su ne suke ruɓar da kara da ganye da kashin dabbobi har su zama abincin shuka. Idan babu su, takin gargajiya da ka kai gona zai zauna yadda ka zuba shi. Akwai kuma wata irin funfuna mai siraran zare da take manne wa saiwar gero da dawa da masara, ta miƙa zarenta inda saiwa ba ta kaiwa, ta jawo mata abinci da ruwa. Waɗannan su ne leburorin da Allah ya ajiye mana a ƙarƙashin ƙasa. Ba sa karɓar kuɗin ƙwadago, abinci kawai suke so da wurin zama.

ƘURAJEN SAIWAR WAKE

To, ku miƙa wa juna tushen waken nan, kowa ya duba saiwarsa. Za ku ga wasu 'yan ƙuraje manne da ita, kamar ƙwayar dawa. Wani dattijo ya taɓa ce mini shi duk rayuwarsa ya ɗauka ciwo ne. Na ce masa, Baba, wannan ba ciwo ba ne, rumbun taki ne.

Ga yadda abin yake. Babban abincin da shuka take buƙata don ta yi kore shar shi ne sinadarin da ake kira naitirojin. Shi ne kuke saya a buhun yuriya. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na wannan sinadari. Amma iskar nan da muke shaƙa, kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne. Wato yana nan birjik a kan gonar kowa, kyauta, sai dai masara da gero da dawa ba su iya ɗebo shi daga iska ba.

Wake da gyaɗa da gurjiya da waken soya su Allah ya ba su aboki. Akwai wata ƙwayar halitta a cikin ƙasa, masana suna kiranta raizobiyam. Idan iri ya tsiro, sai ta bi ta 'yan gashin saiwa ta shiga ciki. Shukar sai ta gina mata ɗaki, shi ne ƙurjin nan da kuke gani. Shukar tana ba ta abinci mai zaƙi wanda ganye ya haɗa da hasken rana. Ita kuma tana kamo naitirojin daga iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, ta mayar da shi taki, ta ba shukar. Ba ni gishiri in ba ka manda ke nan.

Kakanninmu ba su san sunan wannan ƙwaya ba, amma sun san aikinta. Shi ya sa suke shuka wake a tsakanin gero, suke juya gona daga dawa zuwa gyaɗa. Shi ya sa ba sa sare gawo a gona, domin sun ga hatsin da ke gindinsa ya fi kyau. Gawo dangin wake ne, ga shi yana zubar da ganyensa da damina. Masana sun zo daga baya ne suka gano dalili. A tsakanin 1886 da 1888 wasu Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, suka tabbatar da cewa ta ƙurajen nan dangin wake suke samun taki daga iska. A 1888 wani masani a ƙasar Holan, Beijerinck, ya ware ƙwayar ya raine ta a ɗakin bincike. Kafin ƙarnin ya ƙare an fara sayar wa manoma da ita a Jamus. Saboda haka abin da na kawo muku ya haura shekara 120 ana amfani da shi a duniya.

ME YA SA SAI WAKEN SOYA?

Wani zai ce, Malam, tun da ƙwayar tana cikin ƙasa, me zai sa in saya?

Amsa ita ce, kowane dangi da irin ƙwayar da yake shiri da ita. Wakenmu na gida da gurjiya 'yan ƙasa ne, gyaɗa ma ta daɗe a nan, galibi sukan tarar da abokansu a gona. Waken soya kuwa baƙo ne. Asalinsa daga ƙasar Sin yake. A farkon ƙarni na 20 aka kawo shi Nijeriya, ya fara kafuwa a ƙasar Tibi ta Binuwai, daga baya ya bazu zuwa Kaduna da Kano da Katsina da Neja da sauran wurare. Ya zo ya bar abokinsa a gida.

Masanan cibiyar binciken noma ta IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, tana kuma da reshe a Kano, sun fitar da irin waken soya da yake iya shiri da ƙwayoyin ƙasarmu. Su ne waɗanda sunansu yake farawa da haruffan TGx, kamar TGx 1448-2E da TGx 1835-10E. Duk da haka an gano cewa a gonaki da yawa ƙwayoyin da ke ciki kaɗan ne, ko kuma ragwaye ne, suna cin abincin shuka ba sa biya da aikin kirki. Idan aka kawo masu ƙwazo aka shafa wa iri, sai amfani ya ƙaru.

Shi ne abin da ke cikin ledar nan. Malaman gona suna kiransa inokulan, ni zan riƙa ce masa baƙin gari. Garin da kuke gani masauki ne kawai. A cikinsa akwai miliyoyin ƙwayoyi masu rai da aka zaɓo aka raina. Wanda IITA ta fitar don waken soya sunansa NoduMax, akwai kuma na wasu kamfanoni. Shi ba taki ba ne da za a watsa a gona. Irin leburori ne, kamar ɗan tsohon nonon da ake zuba wa madara.

Ku yi wannan lissafi tare da ni. Buhu 10 na waken soya, masu kilo 100 kowanne, sun ƙunshi naitirojin kimanin kilo 60. Wannan ya kai abin da ke cikin buhun yuriya biyu da rabi. Daga ina shukar za ta samo shi? Ko dai daga iska ta hanyar ƙuraje, ko ta tsotse ɗan abin da ya rage a gonarka, ko kuma ta ƙi yin 'ya'ya. Wanne ka zaɓa?

Manoman ƙasar Barazil, wadda ta fi kowace ƙasa noman waken soya a duniya, sun zaɓi na farko. Kusan duk waken soyarsu da irin wannan ƙwaya suke noma shi, ba da yuriya ba. Wata masaniyarsu mai suna Mariangela Hungria, wadda ta shafe shekaru tana wannan bincike, ita ta karɓi babbar kyautar abinci ta duniya a 2025. Na faɗi wannan ne don 'yan'uwana mata da ke zaune a nan su ji.

ABIN DA AKA GANI A GONAKIN KANO DA KADUNA

Barazil tana da nisa, bari mu dawo gida. Daga 2009 zuwa 2019 an yi wani shiri mai suna N2Africa a ƙasashen Afirka da dama, har da Nijeriya. A ƙarƙashinsa, a daminar 2011 da ta 2012, an yi gwaji a gonakin ƙananan manoma irinku a jihohin Kano da Kaduna. Aka raba fili kashi huɗu. Kashi ɗaya ba a sa masa komai ba. Kashi na biyu aka shafa wa irinsa baƙin gari. Kashi na uku aka sa masa takin sufa. Kashi na huɗu aka haɗa masa biyun.

Da aka haɗa sakamakon gonakin aka raba daidai, inda ba a sa komai ba an sami kimanin kilo 970 a hekta, wato buhu 10 ba kaɗan. Baƙin gari shi kaɗai ya ƙara kimanin kilo 450. Sufa shi kaɗai shi ma ya ƙara kimanin kilo 450. Inda aka haɗa su kuwa, ƙarin ya kusa kilo 780, wato kusan buhu 8 a kan na farko.

Darasi biyu ne a nan. Na farko, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙasarmu ta Arewa tana da ƙarancin sinadarin fosfaras, wanda shi ne ke cikin takin sufa. Idan babu shi saiwa ba ta ƙarfi, ƙuraje ba sa yawa. Lebura komai ƙwazonsa sai da fartanya, to sufa shi ne fartanyar waɗannan leburori.

Na biyu, dole in gaya muku gaskiya. Wannan lissafi na gonaki da yawa ne a haɗe. Akwai gonar da ta ba da fiye da haka, akwai wadda ƙarinta bai taka kara ya karya ba. Gonar da ta mutu ƙwarai, mai yashi zalla, ko wadda aka shuka a makare, ko wadda ciyawa ta cinye, ko wadda ruwa ya yanke mata, baƙin gari ba zai tashe ta ba. Duk wanda ya ce muku magani ne na kowace gona, bai faɗi gaskiya ba.

YADDA AKE SHAFA WA IRI

Ku kasa kunne a nan, masu littafi su rubuta.

1. Ka nemi iri mai kyau, sabo. Waken soya ba ya jure ajiya, irin da ya daɗe ba ya tsirowa sosai. Ka ƙirga ƙwaya 100 ka shuka a gefen gida ka riƙa ba su ruwa, ka ga nawa za su fito. Hekta ɗaya tana cin iri kilo 50 zuwa 70.

2. Ka karanta abin da aka rubuta a jikin ledar: wane amfani aka yi ta dominsa, iri kilo nawa take isa, da ranar da za ta daina aiki. Galibi leda mai giram 100 tana isar iri kilo 10. Idan buhunku yana cin kwano 40, kilo 10 kwano 4 ke nan.

3. Ka jira a yi ruwan shuka, ƙasa ta jiƙu sosai. Ranar da za ka yi shuka, ranar za ka shafa.

4. Ka zauna a inuwa da roba ko ƙwarya mai tsabta, wadda ba a taɓa dama maganin feshi ko taki a cikinta ba.

5. Ka jiƙa ƙaro a ɗan ruwan ɗumi har ya narke, ka bar shi ya huce. Wasu ledojin da ƙaronsu suke zuwa. Idan babu ƙaro, ruwan sukari ma yana yi. Amfaninsa shi ne ya manne garin a jikin iri.

6. Ka yayyafa ruwan ƙaron a kan irin, ka juya a hankali har kowace ƙwaya ta yi damshi. Damshi nake cewa, ba jiƙewa ba. Idan ruwa ya yi yawa fatar waken za ta saɓule.

7. Ka barbaɗa baƙin garin, ka ci gaba da juyawa har kowace ƙwaya ta yi baƙi.

8. Ka shanya a kan buhu a inuwa na ɗan lokaci, ya sha iska.

9. Ka shuka nan take, kana rufewa da ƙasa. Irin da ke cikin ƙwarya ka rufe shi da tsumma kada rana ta buge shi.

10. Sufa a gefe ake sa shi, a rufe da ƙasa. Kada ka gauraya shi da iri a ƙwarya ɗaya.

Idan ka gama ka wanke hannu. Ragowar irin kada a dafa, kada a ba dabba.

Wadda gonarta ƙarama ce, ba sai ta sayi leda ɗaya ita kaɗai ba. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku sayi ɗaya, ku shafa tare, ku shuka rana ɗaya.

ABUBUWAN DA KE KASHE SHI

Abu ɗaya nake so kowa ya tafi da shi gida: abin da ke cikin ledar nan yana da rai. Buhun kamfa za ka iya jingine shi a zaure ya shekara. Wannan kuwa kamar ɗan tsako yake.

Bari in ba ku labarin kaina. A shekarar da na fara wannan aiki, na ɗauko ledoji na sa a akwatin babur. Na tsaya a wata kasuwa na bar babur a rana tun hantsi har bayan azahar. Washegari na tara mutane, na shafa wa iri, muka shuka. Da kaka ta yi, inda aka shafa da inda ba a shafa ba duk ɗaya. Mai gonar ya dube ni ya ce, Malam, ashe toka ka kawo mana. Kunya ta rufe ni. Laifina ne, na dafa leburorin tun kafin su isa gona. Sai da na shekara biyu kafin mutanen garin su sake yarda da ni.

Saboda haka ku kiyaye waɗannan. Zafi yana kashe shi. Kada a ajiye shi a ɗakin kwano mai zafi ko kusa da murhu. Gindin randa, inda ƙasa take da sanyi, ya fi. Hasken rana yana kashe shi. Idan ka ga mai shago ya baje shi a tebur a rana, ka wuce. Daɗewa tana kashe shi, ledar da ranarta ta wuce ba ta da amfani ko an ba ka kyauta. Busasshiyar ƙasa tana kashe shi, saboda haka ba a yin binne da irin da aka shafa. Wasu magungunan da ake shafa wa iri don ƙwari da ruɓewa suna yi masa illa, ka tambayi malamin gona kafin ka haɗa su. Gonar da ruwa yake kwanciya ita ma ba ta yi, domin ƙwayoyin suna buƙatar iska.

Akwai kuma kuskuren da masu hali suke yi, wato zuba wa waken soya yuriya da yawa. Idan shuka ta sami naitirojin a sauƙaƙe, sai ta daina gina ƙuraje. Ka kashe kuɗi ka kuma kori leburorin da za su yi maka kyauta. Ka ajiye yuriyarka don masara.

YADDA ZA KA SAN YANA AIKI

Bayan mako 5 zuwa 6 da shuka, gab da fara fure, ka je da fartanya ka tono tushe biyu ko uku. Kada ka fizge, ƙurajen za su zube a ƙasa. Ka wanke saiwar a hankali, ka duba. Ƙuraje manya da yawa kusa da gindin tushe alama ce mai kyau. Ka sa reza ka tsaga ɗaya. Idan cikinsa ja ne ko ja-ja kamar nama, ana aiki. Idan fari ne, ko dai bai nuna ba tukuna, ko kuma rago ne a ciki. Idan kore ne ko baƙi, ya gama aikinsa.

Ku bambanta shi da kumburin da tsutsar saiwa take jawowa, irin wanda ake gani a tumatir da kuɓewa. Ƙurjin taki a gefe yake manne, idan ka murza da yatsa sai ya ɓalle. Kumburin ciwo kuwa jikin saiwar ne kanta ya kumbura, ba ya ɓallewa.

RIBAR MASARA DA SAURAN HATSI

Baƙin garin waken soya ba ya yi wa masara ko dawa aiki idan an shafa musu. Amma suna cin moriyarsa ta wata hanya. Idan ka noma waken soya bana, ganyen da ya zuba da saiwar da ta rage a ƙasa za su ruɓe. Masarar da ta biyo baya baɗi takan fi wadda ta biyo bayan masara kyau. Za ka iya rage yuriya, ban ce ka daina ba. Haka kuma waken soya yana rage wuta-wuta mai kashe dawa da masara. Saiwarsa tana yaudarar 'ya'yan wuta-wuta su tsiro, su rasa abin kamawa, su mutu.

Sai dai ku lura, mafi yawan takin da shukar ta tara yana tafiya ne a cikin waken da kuka kai kasuwa. Idan kuma kuka kwashe karan da ƙaiƙayin kuka ƙone a masussuka, me kuka bar wa gonar? Ku mayar da su gona, ko ku ba dabbobi ku mayar da kashinsu.

Wannan ya shafi dukan leburorin ƙasa, ba na waken soya kaɗai ba. Abincinsu shi ne kara da ganye da takin gargajiya. Wanda yake ƙone sharar gona kowace bazara yana ƙone abincinsu ne. Ku riƙa kai taki da bola ruɓaɓɓiya gona, bayan kun tsince leda da batir. Ku bar gawo da sauran itatuwa masu amfani su tofo. Ku riƙa juya shuka. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, sun farfaɗo da miliyoyin hekta ta hanyar barin kututture su tofo a gona suna yi musu aski. Takin zamani ma ya fi aiki a ƙasa mai rai.

HATTARA DA MASU DAƊIN BAKI

Tun da taki ya yi tsada, kasuwa ta cika da kwalabe da ledoji. Za a ce maka murfi ɗaya ya fi buhu biyu, ko kuma a ce yana yi wa kowace shuka. Wasu na gaskiya ne, wasu ruwa ne mai launi. Ido ba zai bambanta maka ba, tun da abin da ake sayarwa ba a ganinsa. Ka sayi naka a wurin dillalin da aka sani, wanda za ka iya komawa wurinsa. Ka duba sunan kamfani da adireshinsa, da sunan amfanin da aka yi shi dominsa, da ranar ƙarewa, da lambar rajista. Idan babu waɗannan, ka riƙe kuɗinka. A nan ne wanda ya iya karatu ya fi ƙarfin mai damfara.

GANI YA KORI JI

Ban ce ku yarda da ni don na zo da babur da littafi ba. Ku gwada da kanku. A daminar bana kowa ya ware ɗan fili a gonarsa, ya raba huɗu, kowane kashi taku 10 tsawo, taku 10 faɗi. Na farko ba komai. Na biyu sufa kaɗai. Na uku baƙin gari kaɗai. Na huɗu duka biyun. Iri ɗaya, rana ɗaya, noma ɗaya. Ka fara shuka wanda ba a shafa ba, don kada hannunka ya kai masa garin. Ka kafa turke a kowane kashi, ka rubuta a littafinka ranar shuka da abin da ka sa. Da kaka ka sussuke kowanne daban, ka auna da kwano, ka rubuta. Sannan ka lissafa kuɗin da ka kashe da kuɗin ƙarin da ka samu. Gonarka ce za ta gaya maka gaskiyar da ta dace da kai.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ku haɗa kanku ƙungiya, ku rubuta sunayen masu so da yawan irin kowa, domin a nemo garin da sufa kafin ruwa ya sauka. Waken soya yana da kasuwa wurin masu matsar mai da masu abincin kaji. A gida kuma ga awara, ga madara, ga daddawa, ga kunun yara mai gina jiki. Buhu biyu ko uku da suka ƙaru a gona, su ne kuɗin makarantar yaro, su ne akuyar da ba a sayar ba.

Idan Allah ya kai mu, zan dawo bayan shuka da mako shida. Kowa ya tanadi fartanyarsa da reza, mu shiga gonakinku mu tono mu gani tare.

  Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga fari da ambaliya, ya ba mu lafiya da zaman lafiya.